Manhajar Kyauta Ma Tana Da Sharuɗɗa: Rigimar Lasisi A Duniyar Kwamfuta

A wannan fitowar ina so in taɓo wata rigima da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu rubuta manhaja a duniya, wato rigimar lasisin buɗaɗɗun manhajoji. Na san wani zai ce, “Ni ɗan sashen akanta ne, ina ruwana da faɗan 'yan kwamfuta?” To ɗan dakata. In dai wayarka Android ce, ko kana kallon bidiyo da VLC, ko ka taɓa shiga Wikipedia neman amsar aikin gida, to ka riga ka ci daga wannan tukunyar. Mu kuwa 'yan ajin ƙarshe da ke fama da furojet, abin ya shafe mu kai tsaye, domin kusan duk kayan aikin da muke ginawa da su daga can suka fito.

Yawancinmu mun ɗauka duk abin da aka sauke daga intanet ba tare da biyan ko sisi ba, to ba shi da mai shi. Ba haka abin yake ba. Kowace manhaja tana da mai ita, kuma akwai takardar da ya rubuta sharuɗɗansa a ciki. Wannan takardar ita ce lasisi, ita kuma ake rigima a kanta.

Mene ne tushen manhaja?

Mai rubuta manhaja yana zama ne ya rubuta umarni layi bayan layi a wani harshe na kwamfuta, irin su C, Java ko Python. Wannan rubutun shi ake kira kod, ni kuma a nan zan riƙa ce masa tushe. Daga nan sai a juya shi zuwa siffar da na'ura ke ganewa, wadda mutum ba zai iya karantawa cikin sauƙi ba. Abin da kake saukewa a wayarka yawanci wannan juyayyen ne.

Ka ɗauka kamar mai kilishi ne. Zai sayar maka da kilishi ka ci ka ji daɗi, amma haɗin yajin yana wurinsa. In gishiri ya yi yawa ba yadda za ka yi, sai dai ka koma ka yi masa ƙorafi. Haka Windows da Photoshop suke: ana ba ka izinin amfani, tushen kuwa yana kulle. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka ba ka kilishin, aka ba ka haɗin yajin, aka kuma ce kana iya gyara shi, ka yi naka, har ka sayar.

A dokar haƙƙin mallaka, da zarar mutum ya rubuta kod to nasa ne, ba sai ya je ya yi rajista ba. A nan Najeriya ma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta saka manhajar kwamfuta cikin rubuce-rubucen da take karewa. Saboda haka ba ka da ikon kwafar aikin wani sai da izininsa. Lasisi shi ne izinin, an rubuta shi sau ɗaya domin kowa da kowa.

Inda aka faro

Wajen 1980, a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, wani masanin kwamfuta mai suna Richard Stallman ya so ya gyara manhajar wata firinta da ke yawan cije takarda, amma aka hana shi ganin tushenta. Abin ya tsaya masa a rai. A 1983 ya sanar da shirin GNU, da nufin gina cikakken tsarin kwamfuta wanda kowa ke da 'yancin taɓawa. A 1985 ya kafa gidauniyar Free Software Foundation, a 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL.

Aƙidarsa ta tsaya a kan 'yanci huɗu: ka yi amfani da manhajar yadda ka ga dama, ka karanta tushenta ka gyara, ka raba wa wasu, ka kuma raba wadda ka gyara. A lura, babu maganar kuɗi a ciki. Kana iya sayar da manhajar GPL, abin da aka hana shi ne ka ƙwace wa mai saye wannan 'yancin.

A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux a matsayin abin sha'awa. Sa'anmu ne fa a lokacin. A 1992 ya sanya ta ƙarƙashin GPL, mutane daga ko'ina suka shigo aikin kamar gayya. Yau Linux ce a ƙarƙashin Android, kuma tun 2017 duk kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

A 1998, shekarar da kamfanin Netscape ya buɗe tushen burauzarsa, wasu irin su Eric Raymond da Bruce Perens suka ga cewa wa'azin 'yanci yana tsorata 'yan kasuwa. Sai suka kafa ƙungiyar Open Source Initiative, wato OSI, suka riƙa tallata abin da hujjar cewa buɗe tushe yana samar da manhaja mai inganci. Suka tsara ƙa'idoji goma da lasisi zai cika kafin a kira shi buɗaɗɗe. Guda biyu daga ciki su ne ƙashin bayan rigimar yau: ba a ware wani mutum ko wata ƙungiya a hana su, kuma ba a hana amfani da manhajar a wata sana'a.

Gida biyu na lasisi

Lasisin suna da yawa, amma gida biyu ne manya.

Gida na farko su ne masu sassauci: MIT, BSD da Apache. Waɗannan kamar randar ruwa ce a ƙofar gida, kowa ya zo wucewa ya sha. Ka ɗauki kod ɗin, ka gyara, ka saka cikin kayanka, ka kulle ka sayar, ba mai tuhumarka. Sharaɗin kawai shi ne kada ka goge sunan mai shi da rubutun lasisin, kuma in abin ya lalata maka aiki kada ka neme shi. Lasisin MIT bai cika shafi ɗaya ba. React, Bootstrap da Laravel duk MIT ne, Django da Flutter kuma BSD. Irin wannan sassaucin ne ya ba Sony damar gina tsarin PlayStation 4 a kan FreeBSD ba tare da ya buɗe nasa ba.

Gida na biyu shi ne na GPL da danginsa. Wannan ya fi kama da bikin da iyayenmu mata ke yi wa juna: an kawo miki gudummawa ranar naki, to ranar na wata sai kin mayar. In ka ɗauki kod na GPL ka gina a kansa, sannan ka raba wa jama'a ko ka sayar, dole ka ba su tushen, kuma ƙarƙashin GPL ɗin dai. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Linux, WordPress da Moodle duk 'yan wannan gidan ne.

Kada a ɗauka takardar ado ce kawai. A 2003 aka gano cewa wata na'urar raba intanet ta Linksys tana aiki da Linux a ciki ba a fitar da tushen ba. Da matsin lamba ya yi yawa suka fitar, daga nan ne aka samu manhajar OpenWrt da ake amfani da ita har yau. A 2004 wata kotu a birnin Munich na Jamus ta tabbatar da cewa sharuɗɗan GPL suna aiki a gaban shari'a. A 2008 gidauniyar Stallman ta kai Cisco ƙara, aka sasanta a 2009.

Tsohuwar muhawara tsakanin gidajen nan biyu ita ce: wanne ya fi 'yanci? Mutanen MIT suna cewa kyautar da aka ɗaura wa igiya ba kyauta ba ce. Mutanen GPL kuma suna cewa in ba a ɗaura ba, mai ƙarfi zai kwashe ya kulle, na baya su tarar da randa ba ruwa.

Inda sabuwar rigima ta ɓarke

Lokacin da aka rubuta GPL, ana raba manhaja ne hannu da hannu, a faifai. Shi ya sa sharaɗin mayar da tushe yake hawa kan mutum ne kawai idan ya raba manhajar. Sai zamani ya juya. Amazon, Google da Microsoft suka gina manyan gidajen kwamfutoci suna ba da su haya ta intanet, abin da ake wa laƙabi da gajimare. A nan ba a miƙa maka manhajar. Tana can kan injinsu, kai dai kana amfani kana biya duk wata. Tunda ba su raba ba, ba su karya doka ba, kuma ba dole su mayar da komai. An fitar da lasisin AGPL a 2007 domin toshe wannan ƙofar, inda ya ce ko ta intanet ka bari ana amfani da manhajar da ka gyara, sai ka ba da tushen. Amma ba kowa ya rungume shi ba.

Yanzu ka sa kanka a matsayin ƙaramin kamfani. Ka shekara goma kana gina rumbun adana bayanai, kana biyan ma'aikata, ka sake shi kyauta da fatan manyan masu amfani za su zo su yi hayarsa a wurinka. Sai wani ƙato ya ɗauka ya ɗora a gajimarensa, kwastomomi suka koma can domin dama can sauran kayansu suke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan shi ne kukan da kamfanoni suka riƙa yi, sai suka fara sauya lasisi ɗaya bayan ɗaya.

MongoDB ne ya fara girgiza fagen a watan Oktoba na 2018 da wani sabon lasisi mai suna SSPL. Shi ya ce duk wanda zai ba da manhajar haya, to ya buɗe tushen dukkan kayan da ya kewaye ta da su. Sharaɗi ne da aka san babu babban kamfanin da zai yarda da shi. OSI ba ta amince da shi ba, ta ce wannan ya fita daga sahun buɗaɗɗu.

A Janairun 2021 Elastic, mai manhajar bincike ta Elasticsearch, ya bi sahu, yana nuna Amazon da yatsa ƙarara. A Agustan 2023 HashiCorp ya mayar da Terraform ƙarƙashin BSL, lasisin da ke barin ka ka ga tushe amma ya hana ka gogayya da mai shi, sai bayan shekara huɗu kowane sigar ke komawa buɗaɗɗe. A Maris na 2024 kuma sai Redis, wadda wani ɗan Italiya, Salvatore Sanfilippo, ya fara a 2009 kuma ta daɗe ƙarƙashin BSD, ita ma aka sauya mata.

Masu suka suna da tasu hujjar, kuma mai nauyi ce. Suka ce ai buɗewar ce ta sa kuka yi suna tun farko. Mutane sun ba ku gyare-gyare kyauta, sun rubuta littattafan koyo, sun gina sana'o'insu a kan alkawarin da kuka yi. Da kuka haye sai kuka janye tsani. Wasu ma sun lura cewa wata takwas bayan HashiCorp ya sauya lasisi, IBM ya sanar da sayensa a kan dala biliyan 6.4. Kowa ya yi nasa lissafin.

Makamin jama'a: ɓallewa

Ga wani abu da ya kamata kowa ya sani. Mai manhaja yana iya sauya lasisin abin da zai fitar gobe, amma ba zai iya janye izinin da ya riga ya bayar jiya ba. Tsohon sigar yana nan a buɗe. Saboda haka jama'a suna iya ɗaukar sigar ƙarshe da ke buɗe, su sa mata sabon suna, su ci gaba da ginawa. 'Yan kwamfuta suna ce wa wannan fok, wato ɓallewa.

Haka kuwa aka yi. Daga Elasticsearch aka ɓalle da OpenSearch. Daga Terraform aka samu OpenTofu. Daga Redis, cikin kusan mako guda, aka sanar da Valkey ƙarƙashin gidauniyar Linux Foundation, da goyon bayan Amazon, Google da Oracle. Abin ba sabo ba ne ma. Lokacin da Oracle ke shirin hadiye kamfanin Sun, wanda ya mallaki MySQL, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta, Michael Widenius, ya ɓalle da MariaDB a 2009. LibreOffice ma haka ta fito daga OpenOffice a 2010. Duk wanda ke amfani da XAMPP a furojet ɗinsa ya duba da kyau, MariaDB ce a ciki, ko da yake bakinmu ya saba da cewa MySQL.

Ƙarshen labarin yana da ban sha'awa. A Agustan 2024 Elastic ya ƙara AGPL cikin zaɓin lasisinsa, a Mayun 2025 Redis ma ya yi haka. Sun dawo gida ke nan, sai dai sun tarar da waɗanda suka ɓalle sun riga sun kafa nasu garin.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne, bayan karanta lasisi, a duba wa ke riƙe da haƙƙin mallakar. Waɗancan kamfanonin sun iya sauyawa ne domin ragamar tana hannu ɗaya: ko dai lasisin mai sassauci ne, ko kuma duk mai kawo gudummawa sai ya sa hannu ya ba kamfanin iko a kan aikinsa. Linux kuwa dubban mutane da kamfanoni ne ke da haƙƙi a cikinta, kowa da ɗan yankinsa. Ko Torvalds da kansa ba zai tashi da safe ya kulle ta ba.

Masu gadin da ba a biya

A ƙarƙashin duk wannan hayaniyar akwai tambaya ɗaya: wa zai biya mai aikin? Domin ba kowace buɗaɗɗiyar manhaja ke da kamfani a bayanta ba. Da yawa mutum ɗaya ne ko biyu ke kula da su da daddare bayan sun taso daga aikin da ke ciyar da su.

A Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke ɓoye sirrin bayanai tsakanin burauza da shafuka masu ɗimbin yawa. Da aka bincika sai aka ga gudummawar da aikin ke samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. A Disambar 2021 aka sake ganin irin haka da Log4j, inda manyan kamfanonin duniya suka tsaya jiran 'yan sa-kai su yi musu gyara.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na Maris 2024. Akwai wata 'yar manhajar matse fayil mai suna xz, tana cikin kusan kowane tsarin Linux, kuma mutum ɗaya ne ya daɗe yana ɗauke da ita. Sai wani mai amfani da sunan Jia Tan ya bayyana yana taimakawa. Ya shafe fiye da shekara biyu yana aiki tsakani da gaskiya a zahiri, har aka amince masa aka ba shi mabuɗi. Daga nan ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa da za ta iya ba shi damar shiga kwamfutocin jama'a daga nesa. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya lura cewa shiga wata na'urarsa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Ya ƙi ƙyalewa, ya bi diddigi har ya tono abin kafin ya bazu. Rabin daƙiƙa fa!

Kowane ɓangare ya ja labarin zuwa wurinsa. Wasu suka ce ga haɗarin dogaro da 'yan sa-kai. Wasu suka ce da a kulle tushen yake, wa zai gani? Ni a ganina duk biyun gaskiya ne: buɗewar ce ta sa aka kama shi, gajiyar mai gadi kuma ita ta ba shi hanyar shiga. Kuma babu lasisin da ke maganin gajiya.

Ƙirƙirarriyar basira ta shigo da nata

Sabon babin rigimar shi ne na ƙirƙirarriyar basira, wato AI, kuma ta fuska biyu ya zo.

Ta farko: Microsoft, wanda shugabansa na da Steve Ballmer ya taɓa kwatanta Linux da cutar daji a 2001, shi ne ya sayi GitHub a 2018 kan dala biliyan 7.5. GitHub kuwa nan ne babbar ma'ajiyar kod ta duniya. A 2021 suka fito da Copilot, mai taya mutum rubuta kod, wanda aka horar da shi da kod ɗin da jama'a suka ajiye a buɗe. Sai masu kod suka ce, to ina sunanmu da MIT ya ce a ambata? Ina mayar da biki da GPL ya shar'anta? A Nuwambar 2022 aka shigar da ƙara a kan haka a Kalifoniya.

Ta biyu: me ake nufi da buɗaɗɗiyar AI? Meta ya saki Llama 2 a Yulin 2023 yana kiranta buɗaɗɗiya, amma lasisin ya ce kamfanin da ke da masu amfani sama da miliyan 700 a wata sai ya nemi izini na musamman. Ka tuna ƙa'idar OSI ta cewa ba a ware kowa? Nan take suka ce wannan bai cika sharaɗi ba. A Oktoban 2024 OSI ta fitar da tata ma'anar buɗaɗɗiyar AI, ita ma ta sha suka daga masu ganin ta yi sassauci, domin ba ta tilasta a saki dukkan bayanan horarwa ba. A Janairun 2025 kamfanin DeepSeek na ƙasar Sin ya saki R1 ƙarƙashin MIT, amma shi ma bai saki bayanan da ya horar da ita da su ba. Wato an ba ka kilishin, an ce ka yi yadda ka so da shi, haɗin yajin kuwa ba duka aka nuna maka ba.

To mu ina ruwanmu?

Ruwanmu da yawa. Manhajojin saye da dala ake sa musu farashi, kowa kuma ya san yadda naira take. Shi ya sa kwamfutocin ɗalibai da yawa ke cike da manhajojin da aka fasa wa makulli, waɗanda sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa. LibreOffice, GIMP, Python da Linux suna nan kyauta, da cikakken izini. Ba mu kaɗai ba: tsarin DHIS2 da ake tattara bayanan lafiya da shi a Najeriya buɗaɗɗe ne, Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantarsa. Wikipedia ta Hausa ma a kan lasisi mai kama da GPL take, ka ɗauka ka ambaci inda ka samo, abin da ka gina a kai kuma ka sake shi da irin sharaɗin. In ƙofofin nan suka fara rufewa, masu ƙaramin ƙarfi ne za su fara ji a jikinsu.

Ga 'yan shawarwari ga masu furojet da masu mafarkin kafa kamfani bayan kammalawa.

Na ɗaya, kafin ka kwafi komai daga GitHub, nemi fayil ɗin lasisi, yawanci yana nan a shafin farko. In babu, to ba a ba ka izini ba. Mutane da yawa suna ɗaukar rashin lasisi a matsayin sake, alhali a doka kulle ne.

Na biyu, in MIT ne ko BSD ko Apache, yi amfani, amma ka bar sunan mai shi da rubutun lasisin. Kuma ka sani izinin lasisi daban, ƙa'idar makaranta daban. Lasisi ya yarda ka kwafa, amma bai yarda ka tsaya gaban malamai ranar difens ka ce kai ka rubuta ba. Ka faɗi abin da ka aro, ka nuna abin da ka ƙara.

Na uku, in GPL ne kuma kana shirin sayar wa wata makaranta ko wani kanti, ka sani dole ka ba su tushen abin da ka gina a kai. Wannan ba ya hana cin abinci. Masu gina shafuka da WordPress kuɗin aikinsu da kulawarsu suke karɓa.

Na huɗu, in ka ga SSPL ko BSL ko wani lasisi mai sunan kamfani, karanta a tsanake. Ganin tushe bai isa ya sa a ce buɗaɗɗe ba.

Na biyar, in ka ɗora naka aikin, zaɓa masa lasisi. In burinka ya bazu ko'ina, MIT. In kana so duk wanda ya gina a kai ya mayar, GPL. In kuma aikin rukuni ne, ku zauna ku yanke tare tun kafin kuɗi ya shigo tsakani.

Na ƙarshe, a riƙa mayar da biki ko da lasisi bai tilasta ba. Ba sai ka ƙware a kod ba. Kai rahoton kuskure gudummawa ce, gyara bayanin amfani gudummawa ce, fassara manhaja zuwa Hausa ma haka, kuma wannan fagen har yanzu yana neman hannu. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa domin na'urori su koyi jin harshenmu, da waya kaɗai ake yi. Ga mai neman aikin kwamfuta kuwa, gyaran da aka karɓa a wata sananniyar manhaja shaida ce da kowane mai ɗaukar ma'aikata zai iya buɗewa ya gani da idonsa.

Rigimar lasisi ba yau za ta ƙare ba, domin tambayar da ke cikinta tsohuwa ce: in an yi gayya an noma gona, wa ke da amfanin, wa kuma zai ciyar da manoman? Abin da ya rage mana shi ne mu shiga fagen da ido a buɗe, mu san abin da muka ɗauka da sharaɗin da muka ɗauke shi a kai. Ina yi wa 'yan ajin ƙarshe fatan kammala furojet lafiya, ƙannenmu kuma ku fara duba fayil ɗin lasisi tun yanzu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.